Nafkin Bai Tsufa Ba

A kantunan unguwa an daɗe da fara farke ledar famfas ana sayarwa ƙwaya-ƙwaya. Uwa ta aiki yaro da kuɗin guda biyu, ɗaya na rana ɗaya na dare, ta ɗaura wa jinjiri tun hantsi, ba za a kwance ba sai ya cika ya yi nauyi yana rinjayar yaron. Ba sakaci ba ne, babu ce. Sai dai abin da aka yi shi don a riƙa canzawa duk bayan awa biyu zuwa uku, idan ya yi wuni guda a jikin yaro, to amfaninsa ya koma cutarwa. Daga nan ya kamata maganar nafkin ta fara.

Sabon jariri yakan ɓata ƙunzugu 8 zuwa 12 a rana, adadin ya riƙa raguwa yana girma. A ɗauka shida ne kawai a kullum. A shekara biyu ya kama 4,380. Mai gida ya tambayi farashin ƙwaya ɗaya a kantin bakin layinsu ya ninka da kansa, zai ga kuɗin da ake zubawa a bola. Nafkin kuwa dozin biyu da wandon roba uku ko huɗu sun isa a fara, kuma idan an kula da su ƙanen yaron ma zai gada.

Tsadar ba daga sama ta faɗo ba. Galibin kayan da ake haɗa famfas da su daga waje ake shigo da su, da dala ake saye. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashi ya tashi bai sauko ba. A Disambar shekarar kamfanin Procter & Gamble, mai Pampers, ya ce ya daina sarrafa kaya a Najeriya, sai dai ya riƙa shigowa da su. A 2024 Kimberly-Clark, mai Huggies, ya sanar da rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba. Matan da suka saba sayen babbar leda sai suka koma sayen ɗai-ɗai.

Shi kansa famfas ba tsohon abu ba ne. A 1961 aka fara sayar da Pampers a Amurka, kuma sai a shekarun 1980 aka fara zuba masa garin nan mai shanye ruwa ya mayar da shi kamar kamu. Wannan gari shi ne sirrinsa: yana janye fitsari daga fata ya riƙe. Gaskiya ɗaya ce, famfas ɗin da ake canzawa a kan kari ya fi nafkin barin fatar yaro a bushe, kuma duk wanda ya ce maki nafkin da kansa maganin ƙuraje ne, ya ƙara gishiri. Masu tsoron sinadarai ma suna da ɗan abin kafa hujja, don a 2019 hukumar kula da lafiyar abinci da muhalli ta Faransa ta ce ta gano burbushin wasu sinadarai masu hatsari a famfas iri-iri, har gwamnati ta matsa wa kamfanoni su gyara. Amma ba wannan ne ke saɓule wa yaranmu fata ba.

Abin da ke saɓule ta shi ne zama cikin jiƙa. Idan fitsari ya haɗu da kashi ya jima, sai ya fara fitar da wannan zarnin mai shiga hanci, fata ta yi laushi, abubuwan da ke narkar da abinci waɗanda suka fito cikin kashin su shiga cin ta. Ga zafin Maris da Afrilu, ga leda ta rufe ko'ina babu iska, ga goyo. Famfas yana ɓoye jiƙa, har uwa ta taɓa ta ji kamar da sauransa. Nafkin ba ya rufa wa kowa asiri. Yaro na yi zai tsala kuka, zanen goyo ya shaida, dole a kwance. Aibinsa ke nan, kuma a ganina shi ne babban alherinsa. Macen da ke da nafkin ashirin a kwando ba ta jin ciwon canzawa sau takwas; wadda ke ƙirga naira a kan kowace ƙwaya sai ta ce bari ya ƙara yi tukuna.

Akwai wata fa'ida da ma'aikatan jinya suka sani. Bayan kwana biyar da haihuwa, jaririn da nono ke isarsa yakan jiƙa ƙunzugu aƙalla shida a rana. A nafkin ƙirgar ba ta da wuya, kuma ana ganin launin fitsarin ƙarara. Idan ya ragu ko ya yi ja-ja, musamman ga yaro mai gudawa ko zazzaɓi, alama ce ruwan jikinsa na ƙarewa, a nufi asibiti.

To amma nafkin ba kyauta ba ne. Da ruwa ake biyansa, da kuma bayan mace. Namiji yana iya zama a kan tabarma ya yanke hukuncin an daina sayen famfas, alhali bai taɓa sanin nauyin bokiti ba. Kafin a yanke, a amsa tambaya biyu: ina ruwan yake, kuma wa zai yi wankin? Gidan da ke da rijiya ko famfo, ribarsa a fili take. Gidan da ke jiran 'yan ga-ruwa, kuɗin jarka da na sabulu sai sun shiga lissafi, kuma a lokacin bazara suna iya cinye wani kaso na ribar. Mai jegon da aka yi wa tiyata, ko ma'aikaciyar da hutun haihuwarta ya ƙare, ko mai tagwaye babu mataimaki, ba a ɗora mata wannan a kira shi tattali. A da kaka ko gwaggo kan zo zaman jego ta ɗauke wanki har a yi arba'in. Inda babu wannan, mai gida ya nemo wanda zai taimaka, ko ya naɗe hannun riga.

Wankin ma da yadda ake yinsa. A fara karkaɗe kashin a masai, ba a kwata ba, ba a bayan katanga ba. Zancen da ake yi wai kashin jariri ba shi da komai kuskure ne. Ƙwayoyin gudawa da ke cikin na babba suna cikinsa. A ɗauraye, a jefa a bokiti mai murfi wanda aka ware masa shi kaɗai, kada ya kwana biyu a ciki. A wanke da ruwan zafi da sabulu, sannan a ɗauraye har sai kumfa ta ɗauke ƙaf, don ragowar omo a zare yana cin fata, a zo ana zargin nafkin. A shanya a igiya cikin rana tsaka. Kada a baza a ƙasa ko kan yashi, kada kuma a bari a inuwa da danshi: akwai wani ƙuda a ƙasashenmu, ya fi yawa da damina, da ke bin warin fitsari ya saka ƙwai a tufafi, tsutsar ta huda fatar yaro ta taso kamar maruru. Guga na kashe ƙwan, ko da dutsen gawayi ne. Uwa kuma ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa nono ko kwano.

Wajen ɗaurawa, a sa yatsu biyu tsakanin yadin da cikin yaro kafin a soka fil, in ya kuɓuce ya sami hannun babba. Wandon roba kada ya matse cinya har ya bar shaida, kuma a gida da rana ba dole ba ne; a shimfiɗa leda da tsohon zane, a bar yaro ya sha iska. Ba sai an sayi na kanti ba. Yadin auduga mai laushi ko tawul daga kasuwar Kantin Kwari, tela ya yanka murabba'i ya kashe baki, ya wadatar. Akwai kuma na zamani masu maɓalli da aljihun da ake cusa ƙyalle, sun fi tsada a sayen farko, amma ana sassauta su yaro na girma.

Mata da yawa abin da ke kai su ga famfas tsarki ne, kada fitsari ya taɓa zanen salla. Damuwa ce mai tushe. Sai dai malaman Malikiyya tun da can sun yi wa mai shayarwa sassauci a kan abin da ya taɓa tufafinta matuƙar tana iya ƙoƙarinta, suka kuma so ta ware kayan salla daban.

Batun muhalli a Ingila an yi ta ja-in-ja a kansa. Binciken hukumar muhallinsu na 2008 ya nuna nafkin da famfas sun kusa yin kunnen doki wajen gurɓata iska, saboda can da inji ake wanki, da lantarki ake busarwa. Aka ce idan aka shanya a igiya aka kuma yi wa ɗa na biyu amfani da su, nafkin ya yi gaba nesa. Mu nan igiya da rana su ne abin da muke da shi a wadace. Abin da ba mu da shi shi ne motar kwashe shara mai zuwa kullum. Famfas ɗin da aka yar da kashinsa a ciki yana ƙarewa a lambatu ya toshe hanyar ruwa kafin Agusta, ko awaki da karnuka su yayyaga shi a bola inda yara ke wasa. A jefa a masai ya cika rami, a ƙona hayaƙin leda ya shiga ɗakuna.

Ba sai an zaɓi ɗaya an yi gaba da ɗayan ba. Nafkin a gida da rana, famfas don tafiya, da ranar awo, da biki, da daren da uwa ke neman barci, da makon da ruwan sama ya hana shanya bushewa. Kakanninmu kuma suna da dabarar da ke rage duka biyun: da yaro ya tashi barci ko ya gama shan nono, a zaunar da shi a kan ƙafafu ko a fo, tun yana 'yan watanni, har jikinsa ya saba da lokacin.

Idan ja ya riga ya fito a fatar yaro, a wanke wurin da ruwa zalla, a bari ya bushe, a shafa basilin ko man da ke da zinki, a ƙara yawan canji. A bar hoda, yaro na shaƙar ta. In an kwana uku babu sauƙi, ko jan ya yi jawur ya shiga matsematsi da ƙananan ƙuraje a gefe, wannan ya fi ƙarfin basilin, sai an kai shi an duba an ba da maganin shafawa.