Gilashin Finbol: Ƙarfi a Fuska, Rauni a Gefe

Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta mai Windows XP, a ofis ko a kafe, da wuya bai buga wasan Space Cadet ba. A harba ƙwallo sama, ta gangaro tana karo da abubuwa, mai wasa yana tare ta da 'yan fikafikai biyu kada ta zurma rami. To, wannan kwaikwayo ne. Finbol na ainihi akwati ne mai ƙafafu huɗu, nauyinsa ya haura kilo 100, kuma cibiyarsa birnin Shikago na Amurka. A can David Gottlieb ya fitar da Baffle Ball a 1931, a can kamfaninsa ya ƙera Humpty Dumpty a 1947, wadda ta fara zuwa da fikafikan lantarki. Har gobe a bayan garin ne kamfanin Stern ke haɗa sababbi.

Saman akwatin rufe yake da gilashi. A yawancin na'urori faɗinsa inci 21 ne, tsawonsa inci 43, kaurinsa bai cika milimita 5 ba, nauyinsa kusan kilo 7. Daga ƙasa ƙwallon ƙarfe mai giram 80 takan yi tsalle ta doke shi. Daga sama masu wasa su jingina, su ɗora kwalba, wanda ya fusata ya ɗirka masa hannu. Shekara da shekaru yana shan wannan ko gezau. Inda yake halaka shi ne cikin 'yan mintocin da aka zare shi don a canza roba, ko ƙwan fitila, ko a goge filin wasan.

Dalilin yana cikin yadda ake yin sa. Gasasshen gilashi ne, irin na tagogin gefen mota. Ana zafafa shi ya haura digiri 600, sannan a hura masa iska mai sanyi nan take. Fatarsa ta riga cikinsa sandarewa. Da cikin ya zo hucewa sai ya tsuke, ya janyo fatar ta matse gam. Wannan matsewar ce ta sa ya ninka gilashin gama-gari ƙarfi kusan sau huɗu. Amma cikin yana nan a ɗaure, yana neman hanyar kuɓuta. Muddin tsaga ta ratsa fatar ta isa gare shi, gilashin gaba ɗaya zai tarwatse lokaci guda, ya koma ƙanana kamar tsakin masara. Shi ya sa ba a yanka shi, ba a huda shi bayan an gasa.

Masana sun daɗe da ganin wannan abin mamaki. A 1660 Yarima Rupert ya kawo wa Sarki Charles na Biyu na Ingila wasu ɗigon gilashi da aka narka aka ɗiga cikin ruwan sanyi, kowanne da kai da doguwar jela. A buga wa kan guduma, ba zai fashe ba. A ɗan karya bakin jelar, sai duka ya zama gari. Jelar gilashin finbol ita ce gefensa, musamman kusurwoyi huɗun nan.

Masu gyara suna da ƙa'ida wadda ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce sabon shiga ke mantawa: a tanadi wurin ajiya tun kafin a taɓa na'urar. Mutumin da ya zaro gilashi mai tsawon fiye da mita ɗaya, hannuwansa biyu a cike, yana waige-waigen inda zai sa shi, shi ne zai dire shi a kan siminti.

Zarewar kanta ba ta da wuya. Ana kashe na'urar, a buɗe ƙofar gaba inda ake jefa kuɗi. A ciki akwai hannun da ke sakin sandar ƙarfen da ta tare bakin gilashin. Wasu sababbin na'urori maƙalai biyu ne da su maimakon hannun. Ana ɗaga sandar, tafin hannu ɗaya yana kan gilashin, domin filin wasan a karkace yake wajen digiri shida da rabi, kuma gilashin da hanyarsa ta yi santsi zai iya sulalowa da kansa. Daga nan sai a mayar da ƙofar a rufe. Wannan ɗan matakin yana da amfani ƙwarai: in aka bar ta a buɗe, bakinta na sama ko tarin makullan da ke rataye za su karce cikin gilashin yayin da yake wucewa. Sai a ja shi a hankali, a miƙe, ana ja da baya, hannu ɗaya a kowane gefe, har ya fita daga hanyar robar da yake gudu a ciki. Kada a bar rabinsa yana reto a waje a tafi ɗauko wani abu.

Sai ajiya. Siminti, tayil, dutse da ƙarfe duk abokan gabarsa ne, don sun isa su ɓantare gefen. Ba sai an yar da shi ba, ɗan taɓa kusurwa a kan tsakuwa guda ya wadatar. Ana shimfiɗa kwali mai kauri, ko kafet, ko tabarmar roba, a duba babu ƙusa ko yashi a kai. A sauke shi a tsaye, dukkan gefen ƙasa ya sauka tare, ba kusurwa ɗaya ta fara ba. A jingina shi da bango ya ɗan kishingiɗa, kada ya miƙe sosai ya faɗo gaba, kada kuma ya kwanta da yawa ƙasansa ya zame. In bangon bulo ne, a sa tsumma a inda samansa zai taɓa. Wurin ya zama nesa da ƙofa, nesa da hanyar yara da dabbobi. Kwantar da shi a ƙasa kuskure ne, domin gilashi mai tsabta ba ya ganuwa, kuma mai gyaran da kansa zai taka shi. Ɗora shi a kan wata na'urar ma ba dabara ba ce, tunda ita ma a karkace take.

Gilashin gama-gari na finbol ba shi da tsada sosai, sai dai irin wanda aka shafa wa sinadarin hana ƙyalli, kamar Invisiglass na kamfanin Jersey Jack, wanda kuɗinsa ya ninka sau da yawa. Babbar asarar tana ƙarƙashi. Ɗauki na'urar The Addams Family ta 1992, wadda aka sayar da fiye da 20,000, adadin da babu wata na'ura mai fikafikai da ta kai. Kamfanin Williams da ya ƙera ta da sunan Bally ya daina yin finbol tun 1999. In gilashi ya fashe a kan irin wannan fili, ɓarɓashin zai shige kowane rami da maɓalli, kuma ɗaya tak da ya saura zai bi ƙwallo yana kankare zanen da ba a sake yin irinsa a masana'antar asali. Sai an bi da injin zuƙe ƙura lungu-lungu, an kwance sassa da dama.

Akwai haɗarin da ya fi wannan. Tsofaffin na'urori da yawa suna ɗauke da gilashin da ba a gasa ba, ko dai tun asali, ko wani ya musanya don araha. Shi in ya fashe dogayen tsini yake yi masu yanka jijiya. Gasasshe yakan zo da ɗan tambari a kusurwa, kuma in aka dube shi da tabarau mai tace hasken rana ana ganin wasu tabbai a jikinsa. Wanda ya sayi tsohuwar na'ura ya duba wannan tun ranar farko, in yana shakka ya canza.

Wajen mayarwa, a goge fuska biyun, a tabbatar babu sukundireba ko tsumma da aka manta a fili, a saita gefe biyun cikin hanyarsu, a tura shi har ya shige ramin da ke can sama kafin a danna sandar ƙarfen. In sandar ta ƙi zama, kada a tilasta mata. Gilashin ne bai kai ƙarshe ba, kuma bakinsa za ta cije.