Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Nazarin Kayan Tarihi ta Jadawalin Lokaci da Zanen Alƙaluma

A da, ɗalibin da ya taso daga Lakwaya a ƙaramar hukumar Gwarzo yana son sanin yadda aka karɓi haraji a ƙasarsu zamanin Turawa, dole ne ya kama hanyar Kaduna, ya yi kwanaki yana buɗe fayil ɗaya bayan ɗaya. Yau wani kaso na irin waɗannan takardu ya hau intanet, ana iya duba shi daga wayar hannu. Sai dai sauƙin ya zo da tasa wahalar: shafi dubu goma a kwamfuta ba ya karanta kansa. Jadawalin lokaci da zanen alƙaluma dabaru ne na hango tarin kaya gaba ɗaya kafin a zaɓi wanda za a zauna a karanta.

Me ake nufi da su?

Mayar da kayan tarihi zuwa dijital shi ne a ɗauki hoton takarda, littafi, riga ko takobi, a adana a kwamfuta tare da bayanan rakiya. Bayanan rakiya su ne ɗan taƙaitaccen bayanin da ke bin kowane hoto: mene ne wannan, wa ya yi shi, a ina, a wace shekara, da wane harshe, kuma yaya aka yi ya shigo ma'ajiya.

Jadawalin lokaci layi ne da aka jera shekaru a kansa, kowane abu a ɗora shi daidai shekararsa. Zanen alƙaluma kuwa shi ne a mayar da ƙidaya ta zama siffa: sanduna masu tsawo da gajarta, layi mai hawa da sauka, ko ɗigo a kan taswira. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Joseph Priestley ya jera rayuwar mashahuran mutane a kan layin shekaru a 1765, William Playfair kuma ya fito da zanen sanduna a 1786. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne sauri, da damar a taɓa ɗigo ɗaya takardar da yake wakilta ta buɗe.

Ina kayan suke?

A Kano akwai Gidan Makama da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. A Kaduna akwai reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, inda fayilolin Lardin Kano suke, da Arewa House da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna. Shirin ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, wanda Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ya fara a 2004, ya ɗauki nauyin ɗaukar hoton wasu takardu a Kano da Kaduna. Jami'ar Boston ta ɗora rubuce-rubucen ajamin Hausa a intanet. Littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, sama da 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka.

Babban misali da ya shafi Nijeriya na haɗa bayanan kayan da suka warwatse shi ne shafin intanet na Digital Benin, wanda aka buɗe a Nuwamban 2022 da kaya 5,246 daga cibiyoyi 131 a ƙasashe 20. Da aka zuba su wuri ɗaya, mai duba taswira yana ganin inda kayan da sojojin Ingila suka kwasa daga Benin a 1897 suka ƙarasa, abin da ba ya ganuwa muddin kowane gidan tarihi yana riƙe da nasa kundin shi kaɗai.

Yadda ake gina zane

Kwamfuta ba takardar take ƙirgawa ba, bayanan rakiya take ƙirgawa. Ana zuba su a tebur irin na Excel, kowane abu da layinsa, kowane bayani da gurbinsa. Daga nan sai tankaɗe da rairaya, wanda shi ne mafi cin lokaci. Turawa sun sha rubuta Katsena a maimakon Katsina. Sakkwato da Sokoto gari ɗaya ne, Zazzau da Zariya sukan zo a madadin juna, amma a wurin kwamfuta kowanne daban yake har sai an gaya mata. Manhajojin da ke karanta rubutu daga hoto sun fi ƙwarewa a kan rubutun boko na tafireta. Ajami da Larabcin hannu, galibi sai malami ya karanta ya rubuta da kansa.

Matsalar shekara

A nan ne yawancin jadawalai ke tuntuɓe. Littafi ɗaya na iya ɗauke da shekaru huɗu: shekarar da aka wallafa shi, shekarar da aka kwafi wannan kwafin, shekarar da ya shiga ma'ajiya, da shekarar da aka ɗauki hotonsa. Littafin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da wani almajiri ya kwafa a zamanin Sarki Alhaji Abdullahi Bayero, idan an ɗora shi a shekarar wallafa, jadawalin yana ba da labarin jihadi. Idan an ɗora shi a shekarar kwafi, labarin karatu a Kano ta ƙarni na 20 yake bayarwa. Duka biyun daidai ne, muddin mai zanen ya faɗi wadda ya ɗauka.

Sai bambancin kalanda. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka shekarar Hijira ɗaya takan ratsa shekaru biyu na Miladiyya. Turawa sun ci Kano a Fabrairun 1903, wato cikin 1320 ta Hijira, amma mafi yawan watannin 1320 a 1902 suka faɗo. Takardar da ke ɗauke da 1320 ba tare da wata ba, tana iya zama kafin zuwan Turawa ko bayansa.

Akwai kuma ramzi, wato rubuta shekara da haruffa, kowane harafi da adadinsa. Malaman ƙasar Hausa lissafin Magariba suka bi, inda shin yake 1,000, ra kuma 200. A lissafin Gabas shin 300 ne. Mai shigar da bayanan da bai san wannan ba, da harafi ɗaya zai iya jefa littafi shekara 700 baya, kuma kwamfuta za ta zana kuskuren tsaf ba tare da ta yi gardama ba.

Hatta shekarun sarakunan Kano da aka saba gani a allon makaranta lissafi ne. Tsohon littafin Tarihin Kano yawan shekarun da kowane sarki ya yi a kan gado yake faɗa. H. R. Palmer, wanda ya buga fassararsa a 1908, shi ya lissafa su da baya-baya har ya kai Bagauda a 999 da Muhammadu Rumfa a 1463 zuwa 1499. Jadawali mai gaskiya yakan bambanta tabbatacciyar shekara da ta ƙiyasi, misali ɗigo ga ta farko, doguwar inuwa ga ta biyu. Littafin da babu shekara a jikinsa, wani lokaci takardarsa ke taimakawa: idan an ɗaga ta a haske aka ga tambarin jinjirin wata uku na takardun Italiya, an sami kusan zamaninta, ba ainihin shekararta ba.

Idan aka gwada a ƙasar Gwarzo

A ɗauka ɗalibin nan na Lakwaya ya tattara alƙaluman haraji da jangali na gundumarsu shekara bi shekara. Abu na farko, ya ɗora manyan al'amura a saman layin don ya sami abin auna hawa da sauka: isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da cinikin gyaɗar da ya biyo baya, yunwar 1913 zuwa 1914, farin 1972 zuwa 1974, da soke haraji da jangali da gwamnatin Abubakar Rimi ta yi a 1979.

Na biyu, ya daidaita ma'auni. An fara lissafi da wuri, aka koma fam da sule, sannan naira ta shigo a 1973, fam ɗaya a naira biyu. Wanda bai juya kuɗin ba zai ga layinsa ya ninka a shekara guda, ya ɗauka an tsananta haraji. Iyaka ma tana motsi. Gundumar hakimi ta zamanin En'e ba lallai ta yi daidai da ƙaramar hukumar yau ba, kuma Gwarzo da Kabo yanzu kowacce da nata lissafin. Idan ƙasar da ake ƙirgawa ta ragu, alƙaluma za su faɗi ko da saniya ɗaya ba ta mutu ba.

Na uku, ya tuna wa ya yi ƙidayar. Adadin shanun da ke cikin fayil shanun da aka biya wa jangali ne, kuma sanin kowa ne makiyayi ba ya zaman jiran mai ƙirga.

Giɓin da ke cikin zane

Zane yana nuna abin da aka tattara, aka yi wa rajista, aka ɗauki hotonsa. Matakai uku ne, kuma a kowanne ana zubar da wani abu. Birnin Kano zai cika taswira da ɗigo saboda can fada da Razdan da masu tattara littattafai suke. Garuruwa irin su Lakwaya, Getso da Kutama kan iya fitowa fayau, alhali akwai gafakar kakanni a gidajen malamai, da takardun gona da wasiƙu a akwatunan dagatai, waɗanda kyamara ba ta taɓa gani ba. Haka sanduna kan yi tsawo daga 1903, domin mulkin Turawa mulkin fayil ne.

Saboda haka duk zanen da ka gani a kan kayan tarihi, nemi abu uku a ƙasansa: kaya nawa aka ƙirga, wace shekara aka ɗauka cikin huɗun nan, kuma nawa aka ajiye gefe don ba su da shekara. Idan akwai tsofaffin takardu a gidanku, ka rubuta sunan mai su, garin da aka rubuta su, da shekarar yadda take a jikin takardar, da haruffanta na ramzi, kafin ka ɗauki hoto.