Daga Kaza da 'Ya'yanta Zuwa Kumbon Afolo

Ranar Laraba 29 ga watan Maris na 2006, wajen ƙarfe goma da rabi na hantsi, inuwar wata ta ratsa ƙasar Zamfara, ta bi ta kan Gusau da Ƙauran Namoda da ƙauyuka irin su Ɗan Isa, ta wuce Katsina da Maraɗi. Rana ta dushe ƙurmus na 'yan mintuna, irin duhun da kan ruɗi kaji su nufi akurki. Darasin kimiyya ne kyauta, ba alli ba allo, kuma duk wanda ya gani ya riƙe shi. Amma a tambayi ɗalibin sakandare dalilin husufi, sai ya kawo jimlar Turanci da ya haddace, in an ce ya faɗa da Hausa ya soma sosa ƙeya.

Alhali bayanin bai fi numfashi ɗaya ba. Faɗin rana ya ninka na wata kusan sau 400, nisanta daga duniya kuma ya ninka nasa kusan sau 400, saboda haka ido yake ganin girmansu ɗaya. In wata ya gitta daidai tsakanin rana da duniya, sai ya rufe ta ruf, kamar yadda faifai kan rufe bakin ƙwarya.

Ba yau Bahaushe ya fara ɗaga kai sama ba. Tarin taurarin nan da ya kira Kaza da 'Ya'yanta, haskensu kan yi tafiyar shekara fiye da 400 kafin ya iso ido. Zara matar wata da ake gani bayan magariba, da Gamzaki mai fitowa da asuba, abu ɗaya ne. Ba ma tauraro ba ne, duniya ce mai kewaya rana, wadda zafin doronta ya haura digiri 450. Auren nata da wata kuwa na nesa ne, don ko a lokacin da ta fi kusa, nisanta ya ninka nasa kusan sau 100.

Da Amurka ta sauke mutum a kan wata ranar 20 ga Yuli 1969, Hausa ba ta tsaya jiran kwamiti ba. Ta ɗauko kalmar kumbo, sunan wani mazubi na ƙwarya, ta laƙaba wa jirgin, har Alhaji Mamman Shata ya yi masa waƙa. A shekarar ce kuma annobar ciwon ido ta ɓulla a Gana ta bazu Afirka ta Yamma, jama'a suka raɗa mata suna afolo. Masana sun gano cewa wata ƙwayar bairus ce, entarobairus mai lamba 70, mai yaɗuwa ta hannu da tsumma da ruwan wanke fuska. Babu ruwan 'yan sama jannati, amma suna ya zauna daram. Wannan ya nuna harshe ba ya gazawa wajen raɗa suna. Bayani ne kan makara a hanya.

Nijeriya ma ta taɓa sama. An kafa hukumar NASRDA a 1999, aka harba tauraron ɗan Adam na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a watan Satumba na 2003. Na sadarwa, NigComSat-1, ya tashi daga ƙasar Sin a 2007, ya mutu a 2008 saboda faifan da ke tara masa hasken rana ya lalace, wato rashin wuta ya bi shi har sama. An maye gurbinsa a 2011. Irin waɗannan na'urori su ke hango hadari da yanayin amfanin gona, abin da ya shafi manomin Shinkafi da Zurmi kai tsaye.

To ina wasan bidiyo ya shigo? Malamai da iyaye na kukan cewa yana cinye lokacin karatu, kuma kukan nasu da hujja. Sai dai akwai abin lura. Ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko, Spacewar na 1962, faɗan kumbo biyu ne a kewayen tauraro mai jan su. A 1993 ɗan sama jannatin Rasha Aleksandr Serebrov ya tafi tashar Mir da wasan Tetris a jakarsa. Yaron da ba ya iya haɗa jimlar Turanci kan ƙware a wasan waya cikin mako guda, ba bulala ba jan kunne. Dalili kuwa a fili yake: wasan kan nuna masa kuskurensa nan take, ya bar shi ya sake gwadawa, ba ya kuma ƙara masa wuya sai ya iya na baya. Haka ƙwaƙwalwa ke koyo, domin hanyoyin jijiyoyinta na ƙarfafa ne da maimaici da saurin gyara. Jarrabawar da sakamakonta ke fitowa bayan wata uku ba ta da wannan albarka.

Batun harshen koyarwa ma an gwada shi. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, suka yi zarra a kan takwarorinsu, Turancinsu kuma bai raunana ba.

Gaskiya ne makarantun arewacin Zamfara na da damuwar da ta fi wannan. A watan Satumba na 2021 sai da aka rufe makarantun jihar baki ɗaya saboda satar ɗalibai. Wannan shi ya ƙara wa kowace sa'a ta aji daraja. Malamin da ba shi da ɗakin gwaji yana da tocila da lemo da ƙwallo, sun isa nuna husufi. Ya fara da Zara da Gamzaki, ya bar yaro ya yi kuskure ya gyara, sa'an nan ya kawo sunan Turanci don jarrabawa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.