Ƙara girman zane: neman lambar ninki

Ƴan lakwal suna son su ƙara girman taswirar Nijar da ke cikin kaye, su maida ta bisa babbar takarda. In ba a bi ƙa'ida ba, ƙasar za ta karkace, garuruwa su bar wurarensu.

Da farko ana jan layi biyu, guda kwance, guda tsaye. Inda suka gamu shi ne cibiya, O. An aza Yamai a nan. Gidajen takardun biyu girmansu ɗaya.

Cikin kaye, Tawa tana (4, 2): gida 4 gabas, gida 2 arewa. Bisa babbar takarda ta koma (12, 6). Sau nawa aka ninka?

Ana raba sabuwar lamba da tsohuwa. 12 ÷ 4 = 3. Kuma 6 ÷ 2 = 3. Amsa guda ce: 3 ita ce lambar ninki.

Da ita ake samun sauran garuruwa. Agadas tana (8, 5), sai ta koma (24, 15). In wani ya aza ta a (24, 10), akwai kuskure, don 10 ÷ 5 = 2 ne, ba 3 ba.

Lambar ninki in ta wuce 1, zane ya girma. In ba ta kai 1 ba, kamar ½, ya ragu. Cibiya ita kaɗai ba ta gusawa.

Damagaram tana (9, 0). Ina za ta koma?