Daga Indabo zuwa Bagauda: Wa zai riƙe ɗalibin da ke son zama lauyan talakawa?

Ranar Juma'a kasuwar shanu ta Wudil ke ci. Idan rigima ta kaure kan cinikin sa, ko wani ya yi ikirarin cewa saniyar da aka kawo tasa ce da aka sace, aka tafi da manomi ɗan Indabo ko Utai ko Darki caji ofis, to iyalinsa sun san abin da ke gabansu: kotu ba za ta zauna ba sai Litinin.

Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. A bangon ofisoshin 'yan sanda kuma a rubuce yake cewa beli kyauta ne. Amma doka ba ta da ƙafar da za ta taka ta je ta faɗi haka. Sai an samu mai faɗa.

'Yan uwan wanda aka kama za su nemi mai unguwa, su nemi dagaci, su buga wa kansila waya. Lauya shi ne na ƙarshe da zai zo musu a rai, domin a saninsu lauya na masu kuɗi ne, kuma yana can birni, kusa da Babbar Kotun Jiha da ke sakatariyar Audu Bako da kotunan majistare na Nomansland.

Abin mamakin shi ne Kano ba ta rasa masu karatun lauya ba. Jami'ar Bayero na yaye su duk shekara. Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya na da reshe a Bagauda. Ita kanta Wudil, Kwalejin 'Yan Sanda da ke cikinta tana koyar da shari'a. To a ina ake rasa waɗanda za su tsaya wa talaka?

Inda ake tankaɗe su

A ɗauki misalin yaron da ya tashi a Indabo, ya ga yadda gadon gona ke raba zumunci, ya ga an saki yayarsa da 'ya'ya uku babu mai ɗaukar nauyinsu, ya ƙudura cewa zai karanta lauya don irin waɗannan mutane. Shekara biyar zai yi a jami'a, idan yajin aiki bai ƙara masa ba. Sannan shekara ɗaya a makarantar lauyoyi, inda kuɗin makaranta ya tashi daga naira 296,000 zuwa 476,000 a zangon 2023/2024, ban da littattafai da baƙaƙen kaya da hular gashi da alkyabbar ranar rantsarwa.

A tsakiyar wannan shekara ake tura ɗalibai sanin makamar aiki na kusan wata uku, rabi a kotu, rabi a ofishin lauyoyi. Wajibi ne, kuma makarantar ba ta biyan ko sisi a kai. Wani maigidan kan miƙa wa ɗalibi kuɗin mota don kirkinsa, wani kuma ko sannu.

A nan ake raba ɗan birni da ɗan ƙauye. Wanda gidansu ke Nassarawa ko Gwale zai kwana a ɗakinsa, ya ci tuwon gida, ya hau adaidaita sahu zuwa kotu. Ɗan Indabo kuwa ko dai ya nemi ɗan uwan da zai raɓa da shi a birni, ko ya riƙa cin titin Wudil zuwa Kano, kimanin kilomita 40, safe da yamma, a zamanin da aka cire tallafin fetur. Idan ya zo zaɓen inda zai yi horon, ba zai tambayi wane ofishi ne ke kare marasa galihu ba. Zai tambayi wanne ne ke ba da na mota, kuma wanne ne zai iya riƙe shi bayan rantsarwa.

Babu mai ganin laifinsa. An sayar da bijimi, wataƙila an jinginar da gona, kafin ya kai wannan matsayi, kuma ƙannensa na layi. Ofisoshin da ke biya su ne masu aikin bankuna da kamfanoni da takardun filaye da shari'ar zaɓe. Shekara biyu a can, hannunsa ya faɗa a wannan aiki, burin farko ya zama labari.

Ko a garejin kanikawa ko a Kantin Kwari, yaro mai koyon sana'a ba ya wuni da yunwa. Maigida ke ba shi na abinci, ya nuna masa sirrin aikin, in lokaci ya yi ya sallame shi. Bahaushe ya daɗe da gane cewa koyo da ciyarwa tare suke tafiya. Sai aka zo aikin lauya, mai alkyabba da Turanci, aka bar yaron gida ya ci da kansa.

Abin da aka gwada, ya kuma yi aiki

A 2003 aka kafa ƙungiyar NULAI, wadda ta shigo da tsarin zauren taimakon shari'a cikin jami'o'in Najeriya. Ɗalibai na kiran zauren da kilinik, kamar na asibiti, domin mai matsala ne ke zuwa a saurare shi kyauta. Jami'ar Maiduguri na cikin huɗun farko da suka fara, daga baya tsarin ya kai Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero.

Ɗalibi ba shi da ikon tsayawa gaban alƙali, sai wanda aka rantsar. Amma akwai aiki mai yawa kafin a kai ga tsayuwar. Shi zai zauna da ɗan jiran shari'a a Kurmawa ko Goron Dutse ya ji labarinsa, ya bi sawun fayil ɗin da ya maƙale tsakanin 'yan sanda da Ma'aikatar Shari'a ana jiran shawarar lauyoyin gwamnati, ya nemo dangin da ba su ma san inda ɗansu yake ba, ya tsara takardar neman beli malaminsa ya duba. Kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Da yawansu abin da ya tsare su bai wuce rashin mai bibiya ba.

Dokar ba da agajin lauya ta 2011 ta amince da waɗannan zauruka, ta ɗora wa Hukumar Ba da Agajin Lauya, wadda aka kafa tun 1976, alhakin yi musu rajista. Sai dai rajista ba ta zuba mai a mota. Yawancin aikin ya dogara ne da tallafin ƙungiyoyin waje, wanda ke zuwa na shekara biyu ko uku ya ƙare.

Gwaji na biyu ya fi kusa da matsalar manomin da aka kama ranar Juma'a. A tsakiyar shekarun 2000 hukumar, tare da wasu ƙungiyoyi, ta fara ajiye lauyoyi masu jiran ko-ta-kwana a ofisoshin 'yan sanda, a jihohin da suka haɗa da Kaduna da Sakkwato. Akasarinsu sababbin lauyoyi ne masu yi wa ƙasa hidima, aka horar da su, aka ƙara musu ɗan alawus, aka haɗa su da babban lauyan da zai sa musu ido. Aikinsu su ga wanda aka kama tun a sa'o'in farko, kafin a rubuta masa jawabin da bai iya karantawa ba ya dangwala hannu. Rundunar 'yan sanda ta shigar da tsarin cikin umarninta mai lamba 20, wanda aka sabunta a 2017. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda Kano ta yi irin tata a 2019, ta ƙara da cewa majistare ya riƙa leƙa wuraren tsare mutane duk wata.

Dokoki dai ga su nan. Mai yi wa ƙasa hidima yanzu yana karɓar naira 77,000 a wata. Abin da ya rage shi ne a tura shi caji ofis irin na Wudil maimakon a jibge shi a ofishin da ba shi da ko kujerar zama, kuma a samu wanda zai ɗaga waya idan ya kira da dare.

Kuɗi kaɗai ba ya isa

Wannan mai ɗaga wayar shi ne rabin maganar. Tarihin lauyoyin gwagwarmaya a Najeriya tarihin gidaje ne. Femi Falana ya fara ne a ofishin Alao Aka-Bashorun. Mike Ozekhome da Festus Keyamo sun ratsa ta ofishin Gani Fawehinmi, wanda ya rasu a 2009. Abin da yaro ke ɗauka a irin wannan gida ba ya cikin littafi: yadda za a yi wa DPO magana ba tare da an tunzura shi ba, lokacin da sulhu a zauren dagaci ya fi ƙara amfani, da yadda ake cajin mai hali don a samu sararin yi wa marar hali kyauta.

A arewa akwai ƙarin wani abu. Mafi yawan shari'o'in da suka shafi talaka, aure da saki da riƙon 'ya'ya da gado, a kotunan shari'ar Musulunci ake yin su, da Hausa, bisa mazhabar Malikiyya. Lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta wanke Amina Lawal a Satumbar 2003, lauyoyinta, ciki har da Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da hujjojin fiƙihu suka yi nasara. Ke nan ɗan Indabo da ya yi makarantar allo, ya zauna gaban malam ya karanta Risala, sannan ya haɗa da digirin Bayero mai gamin dokar zamani da shari'ar Musulunci, yana riƙe da abin da lauyan Legas ba zai saya da kuɗi ba. Shi ne kuma wanda rashin kuɗin mota ke fara korewa.

Ɗaliba mace ta fi shiga tsaka mai wuya. Macen da aka saka ta fi sakin jiki ta faɗa wa 'yar uwarta mace abin da ya faru a ɗaki, amma iyaye kaɗan ne za su bar 'yarsu ta tare a birni wata uku ba masauki tabbatacce. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA reshen Kano da gidauniyar Isa Wali, wadda ke horar da mataimakan lauyoyi a unguwanni da ƙauyuka, suna cike wani giɓi, amma hannayensu ba su kai yawan buƙatar ba.

Wasu ƙasashen sun mayar da abin tsari. A Amurka ɗaliban lauya ne da kansu suka kafa ƙungiyar da yanzu ake kira Equal Justice Works a 1986, don tara kuɗin da za a biya masu horon hutu a ofisoshin kare talakawa. A 1988 kamfanin lauyoyi na Skadden ya fara biyan sababbin lauyoyi albashin shekara biyu su je su yi wannan aiki. A Afirka ta Kudu, cibiyar Legal Resources Centre da Arthur Chaskalson da abokansa suka kafa a 1979 ta riƙa ɗaukar matasan lauyoyi da albashi tana horar da su a kan shari'o'in baƙar fata, shi kuma daga baya ya zama shugaban Kotun Tsarin Mulki na farko.

Kano ba ta buƙatar dalar Amurka kafin ta kwaikwayi wannan. Masu neman muƙamin Babban Lauyan Najeriya, wato SAN, dama sai sun nuna shari'o'in da suka yi kyauta, don haka suna da dalilin ɗaukar yara su riƙe. Rassan ƙungiyar lauyoyi na Kano da Ungogo suna da mambobin da za su iya raba ɗalibai a tsakaninsu. 'Yan siyasa kuma sun saba biya wa ɗaliban mazaɓunsu kuɗin makarantar lauyoyi a yi hoto a watsa a Facebook. Ba a cika jin wanda ya ce zai biya wa ɗalibi alawus na wata uku bisa sharaɗin ya yi horonsa a ofishin agajin lauya, ko ya ɗauki albashin sabon lauya na shekara guda don ya zauna a Wudil ba.

Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne. Wata uku a kan wannan lissafi naira 210,000 ke nan ga ɗalibi ɗaya, kuɗin da bai kai na sa guda a karar Wudil ba.