Debian: Kyauta Ce, Amma Baƙo Sai Ya Yi Gumi

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, wasu masu tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ba ta hawa suka waiwayi Debian, manhajar tafiyar da kwamfuta da Ian Murdock ya assasa a 1993, wadda 'yan sa-kai ke ginawa.

Sai dai baƙo kan yi tuntuɓe tun daga bakin ƙofa. Wanda ya sanya wa asusun root kalmar sirri yayin girkawa zai tarar umarnin sudo ya ƙi shi, domin ba a saka sunansa cikin masu izini ba. Kafin fitowar Debian 12 a 2023, sau da yawa Wi-Fi ba ya tashi, saboda ba a haɗa manhajojin na'urorin da kamfanoni suka rufe asirinsu.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, fargabar tana kan takarda. Wasiƙar da aka tsara da rubutun Calibri kan wargaje a LibreOffice idan babu Carlito, har sa hannun darakta ya koma wani shafi.

Don haka masana ke shawartar a fara gwada ta daga filashi, a kuma adana fayilolin ofis kafin a goge komai.