Tsohuwar adaidaita da direba mai jiki: abin da ya kamata a auna kafin a biya kuɗi

Idan kaka ta yi kyau a ƙasar Gangara, aka sayar da aya da wake da gyaɗa, daga cikin abubuwan da magidanci kan yi tunanin zuba kuɗinsa akwai adaidaita sahu. Sabuwa ta fi ƙarfin aljihun yawancin mutane, don haka ta hannu ake nema, a Maraɗi ko a Tasawa, ko kuma a tsallaka iyaka zuwa Katsina da Kano. Ranar ciniki mai saye kan tafi da makanike. A tayar da inji, a kasa kunne, a duba hayaƙi, a latsa tayoyi. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne mutumin da zai wuni a kujerar gaba. In siriri ne, da sauƙi. In kuwa mai jiki ne, dogo ko mai ƙiba, wanda ya haura kilo 100, wannan mantuwa tana iya cinye masa jari, wani lokaci har ta taɓa lafiyarsa da ta fasinjojinsa.

Ƙaramar hukumar Gangara tana kudu da hanyar Agye zuwa Gazawa, tana iyaka da Najeriya. Tana cikin gundumar Agye har zuwa 2011, shekarar da aka mayar da Gazawa gunduma mai zaman kanta. Da zarar an sauka daga kwaltar babbar hanya mai lamba 1, sai rairayi da sawun amalanke. Adaidaita kuwa ba don irin wannan hanya aka ƙera ta ba.

Asalinta ƴar birni ce. A 1948 kamfanin Piaggio na Italiya ya ɗauki gaban babur ɗinsa Vespa, ya haɗa masa ƙafafu biyu da akwatin kaya a baya, ya sa masa suna Ape, wato ƙudan zuma, don ƙananan ƴan kasuwa masu ratsa lunguna. Kamfanin Bajaj na Indiya ya soma ƙera irinta da izinin Piaggio, daga baya ya ci gashin kansa, ya mayar da injin baya a samfurin da ake kira RE. Kamfanin TVS ya biyo sahu da King a 2008. Ta Najeriya ta iso ƙasar Hausa: an san ta da Keke Marwa a Legas, sannan Keke NAPEP bayan shirin yaƙi da talauci na 2001. Sunan da ya bi ta har Maraɗi da Damagaram daga Kano ya fito, daga shirin A Daidaita Sahu na zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, lokacin da aka kawo ta don ɗaukar mata. Ta cika titunan Kano ne bayan an hana acaɓa a watan Janairun 2013. Da yawa daga cikin tsofaffin da ke tsallako iyaka a yau sun riga sun ci shekaru suna wannan aiki.

Direba ma kaya ne

Adaidaitar fasinja irin ta Bajaj ko TVS tsawonta kamar mita 2.6 ne, faɗinta mita 1.3, tsayinta mita 1.7. Nauyinta ba kowa a ciki bai kai kilo 400 ba. Injinta kamar sisi 200 ne, ƙarfinsa bai wuce na doki 10 da ƴan kai ba. Kamfani ya tsara ta don direba da fasinja uku, kuma jimillar abin da aka yarje mata ta ɗauka kilo 300 ne da ɗoriya kaɗan.

A cikin wannan kilo 300 har da direban kansa, kuma nan ne lissafin mutane da yawa ke kuskurewa. Saurayi mai kilo 65 ya bar wa fasinja da kaya kusan kilo 240. Magidanci mai kilo 115 kuwa kusan 190 kawai ya bari. Manya uku masu kilo 70 kowanne sun kai 210. Ke nan tun kafin a ɗora kwanon gero guda, adaidaitar mai jiki ta wuce iyakarta. Bambancin kilo 50 tsakanin direbobin biyu rabin buhun hatsi ne da ke yawo a motar tun safe har dare, yana shan mai, yana cin taya, ba ya biyan ko dala.

Kowa ya san a ranar kasuwa babu mai bin lissafin kamfani. Ana cusa mutum huɗu a baya, ɗaya ko biyu a gefen direba, ga buhu a ƙafa. Sai dai mai jiki ya cika kujerar gaba shi kaɗai, don haka kuɗin fasinjan gefe, wanda wasu ke dogara da shi wajen cike kuɗin mai, ba ya cikin rabonsa. Gara ya cire shi daga lissafi tun a gida.

Abin da ya fi yawan nauyin muhimmanci shi ne wurin da yake zaune. Tukunya tana zama a kan murhu muddin nauyinta ya faɗa tsakanin duwatsun uku. Haka adaidaita take: in aka ja layi a ƙasa tsakanin tayoyinta, za a sami siffa mai kusurwa uku, faɗi a baya, tsini a gaba. Muddin cibiyar nauyi tana cikin wannan fili, mota tana tsaye. In ta fita, ƙafa ɗaya ta baya ta ɗaga. Injin da ke baya, a ƙasa, yana taimakawa wajen riƙe ta. Direba kuwa yana zaune ne a gaba, wajen da filin ya tsuke, kuma gangar jikinsa a sama take. Duk kilo da ya ƙaru a kujerar gaba yana jan cibiyar nauyin zuwa tsinin, yana kuma ɗaga ta sama. Shi ya sa lokacin da ya fi haɗari ga mai jiki shi ne sa'ad da yake komowa babu fasinja, yana sauri, ya taka birki a tsakiyar kwana. Birki ya tura nauyi gaba, kwana ta tura shi gefe, babu kowa a baya da zai danne.

Masu kallon wasan barkwancin Mr Bean sun san ƴar shuɗiyar motar nan mai ƙafa uku da kullum ake turewa ko a kifar da ita. Ƙirar kamfanin Reliant ce na Ingila, ita ma ƙafa ɗaya gare ta a gaba. Turawa masu tara tsofaffin motoci har yanzu suna sayen irinta, da Isetta wadda ƙofarta a goshi take, kuma masu jiki a cikinsu suna fama da tambayar nan ta yadda za a shiga da yadda za a fita. Kamfanin Morgan, shi ma na Ingila, ya zaɓi akasin haka, ƙafa biyu a gaba, ɗaya a baya, ƙirar da ta fi jure birki a kwana. Su dai don nishaɗin ƙarshen mako suke saye. Mutumin Gangara abincin gidansa ne.

Sai kuma rairayi. Tayoyin adaidaita ƙanana ne, a kan ƙarfe mai inci 8. Idan nauyi ya taru a kan ta gaba, nutsewa take yi tana huɗa kamar garma. Direba ya ƙara wuta, kuloci ya ɗau zafi, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ya gaji, musamman a watannin Afrilu da Mayu. Wanda aikinsa zai kasance tsakanin ƙauyuka ne, ya gwada motar a kan rairayi, ba a kan kwaltar Maraɗi ba.

Gwajin da makanike ba zai yi wa mutum ba

Kujerar direba a adaidaita benci ne da ba ya matsawa gaba ko baya. Yadda aka same shi haka za a zauna. Don haka kafin a tayar da inji, mai saye ya shiga ya zauna da irin tufafin da zai riƙa aiki da su. Ya juya kan tuƙi, wanda makanikai ke kira gidon, har ƙarshe ta dama, sannan har ƙarshe ta hagu. In ya tokare ciki ko gwiwa kafin ya kai ƙarshe, ciniki ya mutu, ko da injin sabo ne. Giya da kuloci duka a hannun hagu suke, ana murɗawa, saboda haka dole gwiwar hannu ta sami wurin motsi ko a cikin kwana. Ya ɗaga ƙafar dama ya taka birki da sauri sau da yawa, ya ga ko gwiwarsa na bugun wani abu a hanya. Dogo ya duba tazarar da ke tsakanin kansa da ƙarfen rufi, domin a kan gargada jiki tsalle yake yi, ya kuma duba ko yana hango hanya ba tare da ya sunkuya ba. Wanda ke tuƙi a duƙe awa goma, bayansa da wuyansa ne za su biya.

Tsofaffin Bajaj suna da doguwar sandar tayarwa a ƙasa, hagu da direba, wadda ake fizgowa sama idan batir ya mutu. Ya gwada ta yana zaune. Sannan ya gwada fita da gaggawa ta kowane ɓangare.

Daga nan sai aikin makanike, amma ya yi shi mai sayen yana zaune a ciki. Ya duba yadda gaban motar ya sauka. In amortisar gaba, wato shokozoba a bakin ƴan Najeriya, ta kusa ƙurewa tun mota na tsaye, kowane rami kai tsaye zai riƙa dukan shasi. Wuyan shasi, inda sandar tuƙi ta haɗu da gangar mota, shi ne wurin da tsohuwar adaidaita ta fi tsagewa. A ɗaga shimfiɗar roba, a leƙa ƙasa da fitila. Sabon fenti a wuri guda, ko tabon walda mai kauri, alama ce ta tsohon karaya. Waldar da ta riƙe yaro mai kilo 60 shekara biyu ba lalle ta riƙe mai kilo 115 wata biyu ba. A ɗaga gaban a girgiza taya don a ji ko boris ɗin wuya ya saki. A duba ko tayar gaba ta cinye ta gefe guda, abin da ke nuna cewa motar ta taɓa faɗuwa ta karkace.

Game da inji, maganar gajera ce. Tsofaffin nan masu sisi 145, waɗanda ake gauraya musu baƙin mai da fetur, suna da araha da sauƙin gyara, amma ba su da ƙarfin jan mai jiki da fasinja uku a rairayi. Mai sisi 200 ita ce mafi ƙarancin abin da ya dace da shi.

Masu walda suna da maganin kowace matsala: a ɗaga rufi, a tura jingina baya, a sa sifirin mai tauri. Yawancin wannan gyara sauya wa matsalar wuri kawai yake yi. Jinginar da aka tura baya ta cinye wurin ƙafar fasinja. Rufin da aka yanka aka ƙara ya rasa ƙarfinsa ranar da mota ta kife. Sifirin mai tauri ya hana gaban sauka, amma ya miƙa duk dukan hanya ga wuyan shasi. Mafi muni shi ne ƙara tudun kujera, domin yana ɗaga cibiyar nauyi. Abin da ke da ma'ana kaɗan ne: a rage kaurin soson jingina a sa mai tauri, a sayi sabuwar amortisa ta ainihi, a sauya boris, a sa taya mai kyau a gaba. Kuɗin wannan ya kamata a cire shi daga farashin tun wajen ciniki.

Takardu

Tun bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023, farashin adaidaita ta hannu a Najeriya yana da daɗin ji idan aka juya shi zuwa sefa. Amma iyakar ta kasance a rufe daga bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma ko a buɗe take, ba kowace mota ke bi ta gaban duwan ba. Wadda ta shigo ta daji ba ta da takardar duwan, in babu ita kuwa babu kart giriz, babu asirans, sai ɓoyo duk lokacin da aka hango jandarmomi. Akwai kuma wani tarko: a Kano da Katsina adaidaita da yawa ana ba da su ne bisa yarjejeniyar biya sannu a hankali, kuma wanda ke tuƙa ta ba shi ne mai ita ba sai ya gama biya. Mai saye ya karanta lambar shasi da ta inji da idonsa, ya gwada su da abin da ke rubuce, ya kuma nemi takardar sayarwa mai shaidu da hatimin hukuma.

Idan gwajin kujera ya faskara, ba a rasa mafita ba. Akwai samfuran Piaggio Ape da ake ƙerawa a Indiya masu jiki mafi faɗi, wasunsu da injin gas, sai dai a fara tambayar masu kayan gyara a Gazawa ko Agye ko suna ajiye kayansu, don kada kowace ƴar matsala ta zama tafiyar Maraɗi. Akwai kuma babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ƙirar ƙasar Sin, wanda ake hawa kamar kabu-kabu. Ba shi da rufin da zai tokare kai, tayoyinsa sun fi girma, kuma an yi shi ne don nauyi. Ga mutumin da yawancin aikinsa buhunan aya ne da jarkokin ruwa da kai mutane kasuwa, sau da yawa shi ya fi dacewa, ko da yake ba ya kare fasinja daga rana da ƙura, kuma shi ma yana kifewa a kwana in babu kaya a bayansa.

Wasu kuma sukan sayi adaidaitar su miƙa wa ƙane ko ɗa mai ƙaramin jiki, a yi yarjejeniyar abin da zai riƙa kawowa kullum. A nan ma sai a tafi da yaron wajen ciniki, da permi ɗinsa a aljihu, shi ya zauna a kujerar ya juya gidon.